Rumbun Hotuna A Cikin Girgije: Yadda Ake Karanta Ƙasar Gusau, Tsafe Da Bunguɗu Daga Sama

Gabatarwa

Duk bayan kwana biyar, da hantsi, wani tauraron ɗan'adam yakan ratsa samaniyar Jihar Zamfara, ya ɗauki hoton kowace gona da kowace fadama da kowane tsauni, tun daga Tsafe har Bunguɗu da abin da ya yi gaba. Ko ana zaman lafiya ko ana tashin hankali, ko hanya ta biyu ko ba ta biyu ba, wannan aiki ba ya tsayawa. Hotunan kuwa kyauta ne ga duk mai so. To, amma mai karatu zai iya tambaya, in haka ne, me ya sa har yau muke jayayya a kan yawan gonakin da aka bari ba a noma ba, ko yawan itatuwan da suka rage a dazuzzukanmu? Amsar ita ce, samun hoto daban, karanta shi daban. A wannan maƙala za mu duba abin da ya daɗe yana hana mu karanta waɗannan hotuna, da yadda dandalin da ake kira girgije ya kawar da wannan shinge, da kuma aikin da ya rage, wanda babu mai iya yin sa sai ɗan ƙasa.

Taurarin Da Ke Kallon Mu

A ranar 23 ga Yuli, 1972, Amurka ta harba tauraron farko na jerin da aka sani da Landsat, domin ɗaukar hoton doron ƙasa. Tun daga lokacin ba a taɓa rasa ɗaya daga cikinsu a sama ba. Waɗanda ke aiki yanzu su ne Landsat 8, wanda aka harba a 2013, da Landsat 9 na 2021. Suna shawagi a nisan kilomita 705 daga ƙasa, kowanne yana komawa kan wuri guda bayan kwana 16. Tarayyar Turai ita ma tana da nata, wato Sentinel-2, wanda aka fara harbawa a 2015, aka ƙara na biyu a 2017. Su ne masu zuwa duk bayan kwana biyar. Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba, domin hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003, sannan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011.

Hoton tauraro tarin ƙananan ɗigo ne, kamar zanen hula da aka yi da allura ɗinki bayan ɗinki. A hoton Landsat, kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato gona mai hekta ɗaya ba ta wuce ɗigo 11 ba. A hoton Sentinel-2 kuwa ɗigon mita 10 ne, saboda haka hekta ɗaya tana da ɗigo 100. Kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi da yawa, kowace lamba tana nuna ƙarfin wani nau'in haske da ya tashi daga wannan wuri. Sentinel-2 yana auna nau'i 13, alhali idon ɗan'adam da ja da kore da shuɗi kawai yake haɗa duk launukan da yake gani.

Sirrin Ganye

A nan ne ilimin halittu ya shigo. A cikin ganye akwai sinadarin kulorofil, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore. Aikinsa shi ne ya shanye jan haske da shuɗin haske na rana, domin tsiro ya haɗa abincinsa daga ruwa da iska. Akwai kuma wani haske da ke gaba da ja kaɗan, wanda idonmu ba ya gani, masana suna ce masa infared na kusa. Wannan haske tsiro ba ya amfani da shi, sai ƙwayoyin da ke cikin cikin ganye su mayar da shi sama da ƙarfi. Saboda haka lafiyayyen ganye yana da alamomi biyu: yana mayar da ja kaɗan, yana mayar da infared da yawa. In ganye ya yi yaushi don ƙishirwa, ko tsutsa ta cinye shi, ko ƙuduji ya tsotse dawa, sai tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu ta ragu.

Tun farkon shekarun 1970 masana suka mayar da wannan hali ya zama ma'auni, wanda ake taƙaitawa da NDVI. Lissafinsa mai sauƙi ne: a cire ja daga infared, a raba abin da ya rage da jimillar su biyun. Alal misali, in gonar gero a watan Agusta ta mayar da kashi 50 cikin ɗari na infared da kashi 8 na ja, sai a raba 42 da 58, a sami 0.72. In kuwa fako ne da ya mayar da kashi 30 da kashi 25, sai a raba 5 da 55, a sami 0.09. Ruwa kuma yakan ba da lamba ƙasa da sifili. Ɗalibin aji ɗaya na sakandare zai iya wannan lissafi. Wahalar tana wajen yawansa.

Kayan Da Ya Fi Ƙarfin Jaki

Bari mu ɗan yi ƙidaya. Faɗin Jihar Zamfara ya haura murabba'in kilomita 30,000, wato hekta miliyan 3. A ma'aunin Sentinel-2 wannan ya kai ɗigo miliyan 300. Tunda tauraro yana zuwa kimanin sau 73 a shekara, awon da ake samu a shekara guda, na nau'in haske guda, ya zarce biliyan 20. Wanda yake son kwatanta shekara goma sai ya ninka.

A da can shinge biyu ne. Na farko kuɗi. Kafin 2008 hoton Landsat 7 guda ɗaya dala 600 ake sayar da shi, don haka mai bincike a jami'o'inmu yakan sayi biyu ko uku, ya gina digirinsa a kansu. A 2008 gwamnatin Amurka ta buɗe rumbun duka kyauta, Turai ma ta bi wannan hanya da hotunan Sentinel. Sai shinge na biyu ya bayyana. Hoto guda yakan kai nauyin gigabayit ɗaya. Ɗalibi a Gusau da ke son hotuna 500 sai ya sayi data mai yawan gaske, ya yi makonni yana saukewa, ya nemi inda zai ajiye, sannan ya sami kwamfutar da za ta iya juya su ba ta tsaya ba, ga kuma ɗaukewar wuta. An buɗe masa rumbu, amma ba shi da jakin da zai ɗauki kayan.

Mene Ne Girgije?

Kalmar girgije a nan kwatance ce kawai. Abin da ake nufi shi ne dubban kwamfutoci da aka jera a manyan gine-gine a ƙasashe daban-daban, aka haɗa su da juna, ana ba su umarni daga nesa ta hanyar intanet. Dabarar ita ce a juya tsarin aiki. Maimakon a kwaso hatsi daga rumbu a kai gida a daka, sai a kafa injin niƙa a bakin rumbu, mai buƙata ya aiko da saƙon irin garin da yake so, a aika masa da mudu ɗaya da ya nema. Mai bincike yana rubuta tambayarsa a layuka kaɗan na harshen kwamfuta, kamar JavaScript ko Python, ya aika. Can sai a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace kwamfuta ta ɗauki yankinta, su yi a lokaci guda, kamar aikin gayya. Abin da ke dawowa gare shi taswira ce ko jadawali marar nauyi, wanda ko tsohuwar kwamfuta za ta iya nunawa.

Mafi shahara daga cikin irin waɗannan dandali shi ne Google Earth Engine, wanda aka ƙaddamar a watan Disamba na 2010. Ɗalibai da masu bincike suna amfani da shi kyauta bisa wasu ƙa'idoji da iyaka, 'yan kasuwa kuwa biya suke yi. Ƙarfinsa ya fito fili a 2013, lokacin da Matthew Hansen na Jami'ar Maryland da abokan aikinsa suka fitar da taswirar dazuzzukan duniya. Sun sarrafa hotunan Landsat fiye da 650,000 a kan kwamfutoci 10,000 cikin 'yan kwanaki, aikin da aka ƙiyasta zai ci wa kwamfuta ɗaya shekara 15. Sun gano cewa daga 2000 zuwa 2012 duniya ta yi asarar daji mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 2.3. A 2016 kuma masanan Tarayyar Turai suka bi hotuna miliyan 3 suka zana tarihin tafkuna da koguna tun daga 1984.

Akwai wasu dandalin. Kamfanin Microsoft yana da Planetary Computer, Turai ta buɗe Copernicus Data Space a 2023. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Digital Earth Africa, da aka fara a 2019 domin nahiyarmu kaɗai, yana ajiye bayanansa a birnin Cape Town. Cikin abokan aikinsa akwai cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife da cibiyar AGRHYMET da ke Yamai.

Abin sha'awa, wannan girgije na ƙarfe shi ne maganin girgije na gaskiya. A watan Agusta, lokacin da muka fi son ganin amfanin gona, hadari yakan rufe ƙasa, tauraro ya ɗauko farin gajimare kawai. Sai a umarci dandalin ya tattaro dukan hotunan watan, ya zubar da duk ɗigon da gajimare ya rufe, ya jera waɗanda suka rage, ya zaɓi na tsakiya. Da haka ake ɗinke hoto guda mai tsabta daga yage-yage masu yawa. In gajimare ya ƙi ɗagawa, akwai Sentinel-1, wanda ke amfani da rada, yana aika nasa igiyoyin su huda hadari su dawo, dare da rana.

Tambayoyi Uku Daga Gida

Ta farko ta ruwa ce. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau, ya nufi madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Garin Gusau ya dogara da madatsar da ke kan wannan gulbi wajen ruwan sha, kuma mutanen garin ba su manta da ranar 30 ga Satumba, 2006 ba, ranar da ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Ruwa yana shanye hasken infared, don haka yakan fito baƙi ƙirin a hoto, gane shi ba wuya. Cikin yini guda ɗalibi zai iya zana faɗin ruwan madatsar a kowane watan Afrilu na shekaru da yawa, ya ga ko yashi yana cike ta. Zai iya kuma ɗora taswirar inda ruwa ya taɓa kwanciya a kan taswirar sababbin unguwanni. Tun da Gusau ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, gari yake ta faɗaɗa, kuma hukumar da ke raba filaye tana da buƙatar sanin wane fegi ne yake kan hanyar ruwa kafin a zuba harsashi.

Ta biyu ta noma ce, kuma ita ce mafi nauyi. Fiye da shekara goma ke nan hare-haren 'yan bindiga suna raba manoma da gonakinsu a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan jihar. Malamin gona ba zai iya shiga wasu wurare ya yi ƙidaya ba, alhali raba tallafin abinci da taki yana bukatar a san inda aka noma da inda aka bari. Gonar da ake aiki a cikinta tana da tafiyarta ta musamman a cikin shekara. A farkon damina takan zama tsirara saboda sharar gona da huɗa, ta yi kore shar a Agusta, sannan ta faɗi farat ɗaya da girbi. Gonar da aka gudu aka bari kuwa, ciyawa takan rufe ta tun ruwan farko, ta bushe sannu a hankali, iyakokinta su shafe, bayan shekara biyu ko uku sabara da geza su fara mamaye ta. Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da wannan dabara a yankin Mopti na ƙasar Mali tun daga 2019, inda ta kwatanta hotunan Sentinel-2 na farko da tsakiya da ƙarshen damina, ta gano ƙauyukan da nomansu ya ragu. Babu abin da zai hana a yi haka a nan. Haka kuma tafiyar shekara tana iya raba amfanin gona, domin gero yana barin gona tun Satumba, dawa kuwa sai Nuwamba, lambunan fadama su kuma da rani suke kore.

Sai dai a yi hattara da wani zato. Mutane kan ce, tunda tauraro yana gani, don me ba ya nuna maɓoyar 'yan bindiga? Ɗigo mai mita 10 ya fi babur da mai shi girma nesa ba kusa ba, ga inuwar itatuwa, kuma tauraron wucewa yake yi sau ɗaya cikin kwana biyar. Waɗannan hotuna na kyauta sawun abin da ya faru suke nunawa, wato gonar da ta koma daji, da ƙauyen da aka ƙone, da ramukan haƙar zinariya.

Ta uku ta itatuwa ce. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke cikin shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka. Ana dasa itatuwa kowace shekara, ana sare wasu don itace da gawayi. Wanne ya rinjayi wani? Maƙwabtanmu sun nuna amfanin wannan tambaya. A jihohin Maraɗi da Damagaram, kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi ne ya tabbatar wa duniya cewa tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoma sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ta hanyar barin tohon da ya fito a gona ya girma. Aikin yana gaban idon kowa, amma ba a san girmansa ba sai da aka duba daga sama.

Sai Da Ɗan Gari

Kwamfuta lambobi take gani, ba ta san gero ba, ba ta san kaɗanya ba. Kafin ta zana taswirar amfanin ƙasa, sai an koya mata. Mutum zai je wurare ɗari uku ko ɗari biyar da wayarsa, ya ɗauki lambar wurin, ya rubuta abin da ke nan: wannan dawa ce, wannan saura ce, wannan makiyaya ce. Sai a ba na'ura kashi mafi yawa ta koya, a ɓoye sauran don a jarraba ta da su. In misalan da aka ba ta daga gonakin Turai ko Amurka suka fito, inda gona guda take da hekta ɗari da shuka iri ɗaya, to za ta yi tuntuɓe a ƙasarmu.

Ga wasu wuraren tuntuɓen. Manominmu yana haɗa gero da dawa da wake a gona guda wadda sau da yawa ba ta kai hekta ba, sai ɗigo ɗaya ya ƙunshi shuka uku da inuwar ɗorawa. Gidan ƙasa mai rufin soro launinsa ɗaya da fako, don haka ƙauye sukutum zai iya ɓacewa daga taswira. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙasar Bunguɗu, da duwatsun da ke kewayen Tsafe, na'ura takan iya ɗaukar su a matsayin gine-gine. Hazon hunturu yana dusashe hoto. Sai kuma gawo, itacen da ya saɓa wa sauran: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda ya ƙidaya itatuwa da hoton Agusta ba zai ga gawo ba, alhali shi ne abokin manomi, yana ƙara wa ƙasa taki, 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Ita kanta taswirar Hansen an tsara ta ne don daji mai duhuwa, itatuwan da ke warwatse a gonakinmu yawanci ba sa fitowa a cikinta. Lokacin da Martin Brandt na Jami'ar Kofanhegan da abokan aikinsa suka ƙidaya itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel a 2020, sai da suka nemi hotuna masu ɗigon rabin mita, aka kuma zana itatuwa kusan 90,000 da hannu domin koya wa na'ura.

Akwai kuma matsalolin da ba na kimiyya ba. Dandalin girgije ba ya aiki sai da intanet, kuma mutanen Zamfara sun ga yadda aka katse layukan waya a faɗin jihar a watan Satumba na 2021 saboda dalilan tsaro, aka yi makonni babu sadarwa. Manyan dandalin mallakar kamfanoni ne da hukumomin ƙasashen waje, masu iya sauya ƙa'idojinsu a duk lokacin da suka ga dama. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya riƙa sauke sakamakonsa da rubutun umarninsa ya adana a gida. Bayanan da aka tattaro daga ƙauyuka kuma amana ne, musamman a lokacin rashin tsaro. Taswirar da ke nuna ƙauyen da ya yi girbi mai kyau tana iya amfanar mai kawo tallafi, tana iya kuma faɗawa hannun mai ƙwace. Dole a yi tunani kafin a watsa ta.

Kammalawa

A taƙaice, abin da ya gagari manyan jami'o'i shekara ashirin da suka wuce, yau ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, zai iya fara shi da ƙaramar kwamfuta da data ta mako guda. Abin da ya yi ƙaranci yanzu shi ne ingantaccen bayani daga ƙasa, da mutanen da suka haɗa sanin tsiro da sanin lissafi. Shawarata ga sassan nazarin halittu da labarin ƙasa da aikin gona ita ce su haɗa hannu, su zaɓi gonaki da makiyayu a wuraren da ake iya zuwa lafiya a Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ɗalibai su riƙa rubuta abin da aka shuka a cikinsu kowace damina, tare da izinin masu su, a adana wannan kundi shekara bayan shekara. Ma'aikatar gona da ta muhalli su kuma su kawo tambayoyinsu, maimakon jiran taswirar da aka zana a wata nahiya.

Ga ɗalibin da ke son farawa, hanya a buɗe take. Ya yi rajista a ɗaya daga cikin dandalin nan, ya nemo gonar gidansu a taswira, ya zana tafiyar NDVI ɗinta daga 2017 zuwa bana. Sannan ya kai wa mahaifinsa ko kawunsa jadawalin, ya tambaye shi wace shekara aka yi fari, wace shekara tsutsa ta sauka, wace shekara aka shuka gyaɗa maimakon dawa. Duk inda bayanin dattijo da layin jadawali suka dace, ya sami tabbaci. Duk inda suka saɓa, ya sami batun bincikensa.